Dajin Rugu Bai Taɓa Fitowa a Jarrabawa Ba

 

Mu da muka yi sakandare a yankin Batsari da Safana, akwai abubuwan da ko daga barci aka tashe mu za mu kawo su ba gargada. Mansa Musa ya je Hajji a 1324. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806. Tsarin mulkin Richards 1946, na Macpherson 1951, na Lyttleton 1954. Gwamnati rassa uku gare ta: masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a. Mun zana tsaunin ƙanƙara a littafin Labarin Ƙasa, mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai sayar da zoɓo. Duk mun haddace, mun rubuta, wasunmu har sun ci da sakamako mai kyau.

Amma yamma da ajin namu ga Dajin Rugu nan shimfiɗe har cikin Zamfara. Iyayenmu suna shiga su yo itace, maharba suna farauta, makiyaya suna kiwo. Ba a taɓa zana mana shi a allo ba. Ba wanda ya tambaye mu yaushe ya zama daji, ko wa ke da iko da shi, ko ina ruwan da ke ratsa shi yake zuwa. Bai fito a WAEC ba, bai fito a NECO ba, sai muka ɗauka saninsa ba ilimi ba ne. Yau kuwa daga cikin dajin nan ake yanke wa zai yi noma, wa zai kwana a ɗakinsa, wace makaranta za ta buɗe.

Dalilin kawo maganar a zauren marubuta shi ne, idan muka duba gajerun labaran da muke rubutawa a kan matsalar tsaro, dajinmu duk iri ɗaya ne. Baƙi ƙirin, ba suna, ba jiya, mutane ne kawai ke ɓullowa daga cikinsa da bindigogi kamar aljanu. Wanda aka haifa a Wagini da wanda bai taɓa barin Fagge ba, hoto ɗaya suke zanawa. Baiwa kam akwai ta. Abin da muka rasa shi ne sabon kallon wurinmu da idon Tarihi, da na Labarin Ƙasa, da na Gwamnati. Bari mu bi sawun yadda aka yi haka, sa'annan mu ɗora darussan nan uku a kan dajin mu ga abin da za su nuna mana.

YADDA TARIHI YA FITA DAGA AJI

Abin mamaki, a Katsina ɗin nan an taɓa koyar da tarihin gida a makarantar boko mai zurfi. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ɗaya daga cikin malamanta, S. J. Hogben, ya fitar da littafi a kan tarihin masarautun Arewa a 1930. A Zariya kuma Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu cikin littattafai biyu a farkon shekarun 1930, aka juyo tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausar boko domin 'yan makaranta.

Mu lura da irin marubutan da wannan zamani ya haifar. Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya ɗora farkon Ganɗoki a kan yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibin kwalejin, ya gina Shaihu Umar a kan fataucin bayi ta Hamada. Abubakar Imam, ƙanen Bello Kagara, shi ma a can ya yi karatu, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ƙagaggen labarin Hausa na boko tun ran gini yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da sanin ƙasa da tarihinta. Gaskiya ne tarihin da aka koya masu na sarakuna ne da yaƙi, kuma sau da yawa da idon mai mulkin mallaka aka rubuta shi. Duk da haka akwai sunayen garuruwanmu a ciki.

Bayan samun 'yancin kai sai wani sabon darasi ya shigo, wanda muka sani da Soshiyal Sitadis. An fara gwada shi sosai a makarantar Aiyetoro ta ƙasar Yarabawa daga 1963 da taimakon Amurkawa. Taron Mombasa na 1968 ya yaɗa shi a ƙasashen Afirka, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya ba shi gindin zama, manufar ilimi ta 1977 ta tabbatar da shi. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, sai aka narkar da Tarihi da Labarin Ƙasa cikin wannan darasi ɗaya a ƙaramar sakandare.

Niyyar ba ta da aibu. Ƙasa ta fito daga yaƙin basasa a 1970, ana neman darasin da zai sa yaro ya ji shi ɗan Nijeriya ne kafin komai. To amma manhajar da za ta yi wa yaron Kalaba daidai, ta yi wa yaron Runka daidai, dole ta tsaya a kan abin da ya game kowa: iyali, al'ada, sufuri, haɗin kai. Garin kowa sai ya faɗi ƙasa. A babbar sakandare kuma aka bar mana zaɓi tsakanin Tarihi da Gwamnati. Yawancinmu muka bi Gwamnati, don ana cewa ta fi sauƙin ci, kuma a makarantun karkara da yawa ko kana son Tarihin ba malamin da zai koyar da kai. Manhajar ilimin tushe ta 2007 ta ƙarasa aikin, zuwa zangon karatu na 2009/2010 babu Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare.

Daga baya an farga. A 2018, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, aka fito da sabuwar manhajar Tarihi. A Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700 don koyar da shi. Sai dai kafin nan an yaye ɗalibai masu yawan gaske, kuma da yawanmu da ke riƙe da alƙalami yau muna cikinsu. Ba malamanmu muke zargi ba, abin da aka ba su suka ba mu.

DARASI NA FARKO: TARIHI

Da an koya mana tarihin dajin, da daga jihadi za a faro. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi, suna kiran kansu sarakunan Katsina, ba su kuma fid da ran komawa gida ba. Tun daga nan yammacin Katsina ya zama bakin daga. Arewa ga Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, yamma ga Zamfara, gabas ga birni. Mutanen ƙasar Ruma suna tsakiya.

A 1836 aka gwabza a Gawakuke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda ya rasu a fagen fama, Ɗan Mari ya gaje shi. Marubutan tarihin masarautar sun kawo cewa a zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, garuruwan yankin Ruma sun yi tawaye suka bi Ɗan Mari. Siddiku ya murƙushe tawayen da taimakon Sakkwato, kuma horon ya yi tsanani ƙwarai. Aka rushe garuruwa, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, saura suka watse. Ƙasar da ke da gonaki da kasuwanni ta koma kufai, itatuwa suka rufe ta. Ita ce littattafan Turawa ke kira Dajin Rubu.

Muna da shaidar wanda ya ratsa wurin ba da jimawa ba. A watan Maris na 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi a Wurno. Ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana. Daga nan ayarinsu ya kutsa daji zuwa wajen Zurmi cikin sauri da fargabar mahara. Wato sama da shekara 170 da suka wuce, matafiyi kan isa Zakka ya tsaya ya yi shiri kafin ya shiga dajin nan, kamar yadda direban yau ke tsayawa ya tambayi labarin hanya.

Ba muna cewa babu itace ko ɗaya a wurin kafin Siddiku ba. Abin da tarihi ke nunawa shi ne, wani babban yanki na abin da muka tashi muna kira daji, gari ne a da. Duk Bahaushen karkara ya san alamun kufai: kukoki a cunkushe wuri ɗaya, tudun tsohuwar ganuwa, ramukan marina, fasassun tukwane da ruwan sama ke tonowa. Tsofaffin maharba da makiyaya sun san inda irin waɗannan suke, sun kuma san sunayen wasunsu. Ba mu tambaye su ba, domin ba su da satifiket.

Rumawa da suka tsaya a bakin wannan daga sun yi suna wajen yaƙi. Har yau ana ba da labarin Ɗanwaire, mayaƙin ƙarshen ƙarni na 19, kuma hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita. Da Turawa suka iso Katsina a 1903, aka shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa daga 1906 zuwa 1908, Maraɗi ta faɗa ɓangaren Faransa, hare-haren suka tsaya. Sannu a hankali mutane suka riƙa komawa, suna sare daji suna kafa ƙauyuka.

Ga darasin a dunƙule. Daji yana matsowa, yana kuma ja da baya. Idan zaman lafiya ya samu, gatari da garma su ci daji. Idan tsaro ya ɓaci, daji ya ci gari. Ƙauyukan da aka tashi a 'yan shekarun nan, da gonakin da sabara ta fara rufewa, karo na biyu ke nan ƙasar ke ganin haka cikin ƙasa da shekara 200. Marubucin da ya san wannan ba zai rubuta tashin ƙauye kamar abin da ya faɗo daga sama ba. Zai iya sa wata tsohuwa cikin labarinsa ta tuna cewa kakarta ma ta taɓa jin labarin irin wannan gudu.

DARASI NA BIYU: LABARIN ƘASA

Mun haddace manyan kogunan duniya, amma kaɗan daga cikinmu za su iya faɗin inda ruwan da ya sauka a kan rufin ajinmu yake ƙarewa. Ruwan yankinmu yamma yake gangarawa. Kogin Karaduwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, yana zuba cikin Bunsuru. Bunsuru ya ratsa zuwa Zamfara, ya haɗu da Gagare, su shiga Rima, Rima ta bi ta Sakkwato har ruwan ya isa Kwara. Can arewa kuma kogin Gada, mai madatsa a Jibiya, yana tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi kwana ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima. Ruwa bai san iyakar 1906 ba.

Wannan ba ƙaramin sani ba ne. Damina a nan wata huɗu ce ko ɗan sama da haka, sauran shekara rani. Saniya kuwa sai ta sha kullum. Saboda haka burtali yana bin ruwa, makiyayi yana bin burtali, ɗan kasuwar shanu yana bin makiyayi, daga baya ɓarawon shanu ya bi sawunsu duka. Ga kuma duwatsun nan da suka yi wa yankin ado, waɗanda suka ba mutanen da mafaka lokacin hari, suke kuma ba wanda ya san lungunansu mafaka yau. Dajin hanya ce da ta haɗa Katsina da Zamfara da kudancin Nijar tun kafin a yi kwalta.

Hukuma ta san darajar wurin. An keɓe gandun daji a nan, kuma a shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Amurka, ta mayar da gandun Ruma da Kukar Jangarai makiyaya, aka yi madatsun ruwa don dabbobi a wajen Runka. Dokar makiyaya ta Arewa ta fito a 1965. Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, ya sake dawowa a 1983 da 1984, ga annobar shanu ta 1983. Jama'a kuma tana ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da dubu 200, Safana sama da dubu 180. Kowane ɗa namiji da ya yi aure gona yake nema, kowane garke mashaya yake nema, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Gona ta ci burtali, saniya ta ci gona, kulawar hukuma da makiyayar ta yi rauni.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ƙarancin ruwa da ciyawa ba ya wanke wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mai noma ko ya sace matar aure. Dubban makiyaya sun sha wannan matsi ba su taɓa kowa ba, da yawansu ma su aka fara kore wa shanu. Amma marubuci yana bukatar sanin ƙasar da rikici ya tsiro a kanta, kamar yadda manomi ke sanin jigawa da fadama kafin ya zuba iri.

DARASI NA UKU: GWAMNATI

Tambayar da littafin Gwamnati bai yi mana ba ita ce: wa ke da daji? Kafin Turawa, yawancin masu riƙe da ƙasa a birni suke zaune, jakadunsu ke zagaya garuruwa. Bayan an naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, aka daidaita ƙasar gunduma-gunduma, aka sa hakimai su zauna cikin jama'arsu. A Katsina aka fara kafa baitulmalin En'e a Arewa. Sarƙar iko ta zama a fili: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Sarkin Ruma a Batsari, Yariman Katsina a Safana. Arɗo ya san rugagen da ke ƙarƙashinsa domin ta hannunsa jangali ke bi. Malamin daji yana zagaya gandu. En'e tana da 'yan dokarta, da alƙalanta, da gidan yarinta. Baƙo ba ya sauka a gari mai unguwa bai sani ba.

Kada mu mayar da wannan zamani aljanna. Haraji da jangali sun gallabi talaka, an yi zalunci a kotu da wajen kotu, wannan ne ma ya ba NEPU magoya baya. Gyaran da ya biyo baya yana da dalilinsa. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, kuma ɗan Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa, yana cikin jagororin gwamnatin da ta yi shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta soke haraji da jangali. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana da alherinsa. Amma mu haɗa su mu ga abin da ya rage a bakin daji. Dagaci ya san kowa, ba shi da ikon kama kowa. Ɗan sanda yana da ikon kamawa, amma umarninsa daga sama yake zuwa, kuma sau da yawa baƙo ne a wurin. Ƙaramar hukuma tana kusa, ba ta da jami'in tsaro nata. Gandun daji na ma'aikatar jiha ne da ke birni. Makiyayin da aka daina karɓar jangalinsa, an kuma daina ƙidaya shi. Mun amsa tambayar rabon iko tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma a jarrabawa, ba mu san amsar tambayar da ta fi kusa ba: idan aka kore maka shanu cikin dare, ko aka cinye maka gona, wa za ka kai wa kuka, kuma me zai iya yi?

Sauran labarin a gabanmu aka yi shi. A Satumba 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji yana zaman sulhu da 'yan bindiga, sulhun bai ɗore ba. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka yi daji da su, aka sako 344 bayan kwana shida, aka rufe makarantun kwana na jihar. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Dajin da bai shiga aji ba, shi ya zo ya rufe ajin.

ABIN DA YA RAGE GA MAI ALƘALAMI

Muna da wanda za mu yi koyi da shi. Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, ya rubuta The Transformation of Katsina, wanda ya bi tarihin ƙasar daga 1400 zuwa 1883, aka buga shi a Zariya a 1981. Bai tsaya ga takardun Turawa ba. Ya bi garuruwa yana zama da dattawa, ya karanta rubuce-rubucen malamai, sa'annan ya auna kowace majiya. Har Barth ɗin da muka ambata sai da ya yi masa nazari na musamman, yana tambayar da wa ya zauna, me ya gani da idonsa, me aka faɗa masa, wane tunani ya zo da shi daga Turai. Ya kuma yi gargaɗi a kan karanta tarihin Katsina a matsayin faɗan Haɓe da Fulani kawai, domin abin da ke motsa mutane ya haɗa da ƙasa, da sana'a, da haraji, da addini, da sarauta. Wannan gargaɗi ya fi amfani yau fiye da ranar da aka yi shi. Labarin da ya raba mutanensa gida biyu, mugayen ƙabila da nagartattun ƙabila, ƙarya ce a tarihi, kuma rauni ne a adabi.

Akwai kuma gaggawa. Idan ƙauye ya tashi, ba gero da awaki kaɗai ake asara ba. Tsohon da ya san wanda ya haƙa rijiyar gari yana Batsari a gidan ɗan'uwa. Tsohuwar da ta san waƙar daɓe da sunayen gonaki tana Katsina ko Dutsin-Ma ko Jibiya. Jikokinsu za su tashi ba su san ko ta ina ƙofar garin take ba. Abin da ya sami garuruwan zamanin Siddiku ke nan: mutanen suka watse, sunayen da yawa suka bi su. A wancan karon masu rubutu kaɗan ne. A wannan karon muna nan, kowa da waya a aljihu.

Ba sai mun shiga daji ba, kada ma wanda ya gwada. Aikin a zaure yake. Mu sami dattijo ko dattijuwa, mu gaishe su yadda ya kamata, mu nemi izini kafin mu ɗauki murya. Mu yi tambayar Tarihi: Baba, wa ya kafa garin nan, daga ina ya zo, me ya taso shi? Mu yi ta Labarin Ƙasa: Inna, ina kuke ɗebo ruwa da rani, ta ina shanu ke bi, wace itaciya ce ta ɓace? Mu yi ta Gwamnati: Ranka ya daɗe, da can idan shanu suka yi ɓarna wa ke raba gardama, nawa ake biya, yaushe aka daina? Mu ji daga bakin manomi, mu ji daga bakin makiyayi. Abin da mutum biyu da ba su haɗu ba suka faɗa ya fi ƙarfi. Mu rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji. Inda ambaton suna zai jawo wa wani fitina, mu sakaya.

Sa'annan mu bar wannan sani ya shiga rubutu ba tare da mun mayar da labari lacca ba. Maimakon a ce jarumi ya shiga wani ƙasurgumin daji, a ce ya wuce ɗorawar da ake hutawa, ya gangara mashayar da ta ƙafe, ya ga kukoki bakwai a jere ya san nan gari ne a da. Mai karatu zai ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Tarihi ya dawo manhaja, alhamdu lillahi. Amma malamin da zai tsaya gaban yara a Safana ko Ruma gobe, idan ya so ya koya masu tarihin ƙasarsu, me zai riƙe a hannu? Littafin Bala Usman da Turanci yake, kuma samunsa sai an sha wuya. Ba wanda zai taso daga Legas ya rubuta wa yaran Zakka labarin Zakka da Hausar da za su gane. Idan ba mu yi ba, za su haddace Mungo Park kamar yadda muka haddace, su fito su tarar da dajin yana jiransu.

Aikin wannan mako ke nan ga mai sha'awa: kalma 300 a kan sunan unguwarku, ko ƙauyenku, ko wani kufai da kuka sani, daga bakin wanda ya girme ku. Wanda ba ɗan yankin nan ba ne ya yi a kan nasa, kowane gari da nasa dajin da bai fito a jarrabawa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.